Darasin Yau: Kalmar Rasidi

'Yan ajin yaƙi da jahilci na Gaya, ku ɗauko alli da allo.

Da yawanku kuna zuwa Kamba, cikin jihar Kebbi ta Nijeriya, ku sayo kaya. Can takardun ciniki da Ingilishi ake rubuta su. To, yau kalma ɗaya za mu koya. Ku rubuta: r, e, c, e, i, p, t. Receipt ke nan. Ita ce Bahaushe ya mai da rasidi.

Haruffa 7 ne, amma gaɓa 2 kawai: re da ceipt. Ta farko a ce "ri", a taƙaice. Ta biyu a ja ta, a ƙarfafa murya: "siit". Ku maimaita: ri-siit.

Ku lura da c ɗin nan. Ba irin na "ciki" ko "cokali" ba ne, s ake karanta shi. Shi kuwa p, kurma ne, ba a faɗinsa sam. Malaman Ingila na da can ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin, suka bar mu da wahala.

Mu mun saba rufe kalma da wasali, shi ya sa tamu ta zama gaɓa 3: ra-si-di.

In ka sayi keken ɗinki ko babur, nemi kalmar nan a saman takarda. Duba kuɗin da kwanan wata kafin ka bar shagon, don ma'aikatan duwan za su tambaye ka ita a kan iyaka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.