Baƙon Dare Ɗaya: Talaka a Gaban Kyamarar Shirye-shiryen Dare na Amurka



Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, bayan an kammala labarai, manyan tashoshin talabijin na Amurka suna sako wani shiri da ya haura shekara saba'in ana yin irinsa. Tashar NBC ce ta fara shi a 1954 da sunan Tonight, wanda daga baya ya koma The Tonight Show, Steve Allen yana gabatarwa. Wanda ya kafa masa siffar da aka san shi da ita kuwa shi ne Johnny Carson, da ya riƙe shi daga 1962 zuwa 1992, kuma an ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ne suka kalli shirinsa na ban-kwana. Tsarin bai cika sauyawa ba. Mai gabatarwa ya fito ya yi barkwanci kan labaran ranar, ya koma bayan teburinsa, makaɗa suna gefe, sannan a shigo da baƙi ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ake ɗauka a gaban 'yan kallo, da dare a watsa.

Yawancin baƙin taurari ne, kowa da abin da ya zo tallatawa: wannan sabon fim, wancan littafi, waccan faifan waƙa. Tun kafin tauraro ya zauna an riga an yi hira da shi a bayan fage, an zaɓi labarin da zai bayar. To, shirin da zai cika awa guda kowane daren aiki ba zai rayu da irin wannan hira kaɗai ba, domin 'yan kallo suna gane dariyar da aka yi wa atisaye. Shi ya sa tun da wuri masu shirin suka gano darajar mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ba ya zuwa da wakili ko lauya, ba ya tsada, kuma firgitarsa ta gaske ce. A kan wannan mutumin nake so mu yi magana. Abin da zan kare shi ne cewa sunan da yake yi aro ne, mai kyamara ne ke bayarwa kuma shi ke karɓewa, alhali mutuncin da aka ɗora a kan teburin nasa ne shi kaɗai.

Mu fara da labarin da ya fi kowane daɗi. A garin Fort Wayne na jihar Indiyana akwai wata dattijuwa, Myrtle Young, ma'aikaciyar kamfanin Seyfert mai soya dankalin turawa fale-fale. Aikinta ta tsaya a bakin inji tana tsince wanda ya ƙone ko ya lalace. A cikin wannan aiki mai gundura sai ta riƙa ajiye waɗanda suka yi kama da wani abu: wannan kamar tsuntsu, wancan kamar kare, wani kamar fuskar ɗan barkwancin nan Bob Hope. A 1987, tana da shekara sittin da 'yan kai, Carson ya gayyace ta. Ta jera dukiyarta a kan teburinsa tana bayani cikin natsuwa da alfahari. Sai mataimakinsa Ed McMahon ya janye hankalinta, tana juyawa Carson ya jefa dankali a baki ya tauna, ƙarar ta cika ɗakin. Matar ta waiwayo a razane, ta dafe ƙirji, ta zaci ya cinye mata abin da ta jima tana tattali. Nan take ya nuna mata kwanon da ya ɓoye, wanda daga ciki ya ɗauka. A 1999 mujallar TV Guide ta zaɓi wannan a matsayin abu mafi ban dariya da aka taɓa gani a talabijin.

Myrtle Young ba ta yi asara ba. Ta zama jakadiyar kamfanin nata, tana yawo da tarin dankalinta ana kallo, har ta rasu a 2014 tana da shekara 90. Amma ku lura da inda dariyar ta fito. Daƙiƙun da ta yi cikin fargaba ta gaske su ne kayan da aka sayar. Kowa a cikin masu shirin ya san abin da zai faru, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Carson ya yi saurin cire ta daga fargabar, ya yi dariya tare da ita, kuma wannan ladabi nasa ne ya sa labarin ya zama mai daɗi. Sai dai ladabin zaɓinsa ne. Babu abin da ke cikin tsarin shirin da ya tilasta masa.

David Letterman ne ya mayar da wannan dabara sana'a. Tun a fitowar farko ta shirinsa na dare a NBC, ranar 1 ga Fabrairun 1982, ya fito da wani dattijo gajere mai kaurin tabarau, Calvert DeForest, wanda ya yi shekaru yana aikin akawu a wani kamfanin magunguna. Aka laƙaba masa suna Larry “Bud” Melman. Aka riƙa tura shi aikin da an san ba zai iya ba. Sanannen ciki shi ne ranar da aka tsayar da shi a babbar tashar motocin safa ta New York yana tarbar matafiya da tawul mai ɗumi, yana yi musu tambaya, yana janye makirufo daga bakinsu tun ba su gama amsa ba. Amurkawa suka ƙaunace shi. Da Letterman ya koma CBS a 1993, sai NBC ta ce sunan Larry “Bud” Melman mallakarta ne, ba za a tafi da shi ba. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya ana kiransa da wannan suna a titi ya wayi gari ba shi da ikon amfani da shi a sabon wurin aikinsa, dole ya ci gaba da fitowa da sunansa na yanka. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna wanda ke da mallakar shaharar ba.

A CBS an ba Letterman tsohon gidan wasan Ed Sullivan da ke titin Broadway, jaridu kuma suka ruwaito albashinsa dala miliyan 14 ne a shekara. Da isarsa sai ya fara tura kyamara shagunan maƙwabta. A wani shagon kayan tsaraba mai suna K&L's Rock America ya tarar da ma'aikata biyu 'yan ƙasar Bangaladash, Mujibur Rahman da Sirajul Islam. Cikin 'yan watanni sunayensu suka shiga bakin jama'a. A bazarar 1994 shirin ya tura su rangadi daga gabashin Amurka zuwa yammacinta, suna aiko da rahoto a matsayin wakilai.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin a nan maganar take da nauyi. Mene ne abin dariya a mutum biyu masu kamun kai da ke ƙoƙarin amsa tambaya cikin ladabi? In za mu faɗi gaskiya, wani kaso na dariyar daga karin harshensu yake, da jinkirin da baƙo ke yi kafin ya gane ana zolayarsa a yaren da ba nasa ba. Mai gabatarwa yana kallon 'yan kallo, su da shi sun san wasan, baƙon ne bai sani ba. Wanda ya taɓa zama a ƙasar da ba a jin yarensa ya san wannan yanayi: ana dariya, kai ma ka yi murmushi don kada ka zama saniyar ware, ba ka tabbatar ko da kai ake yi ko kai ake yi wa ba. Ba ina cewa Letterman mugu ba ne, kuma ba ni da ikon cewa mutanen nan biyu ba su ji daɗin abin ba. Sun ga ƙasa, shagonsu ya cika da masu son ɗaukar hoto da su, kuma miliyoyin Amurkawa sun ga fuskar ɗan ci-rani da suna, ba adadi a jarida ba. Wannan alheri ne na gaske. Amma idan aka auna abin da kowane ɓangare ya sa da abin da ya kwasa, karin maganar iyayenmu ce take zuwa mini: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tallace-tallacen da ake sakawa tsakanin dariya da dariya, asusun tashar suke shiga.

Akwai kuma nau'in da ko sunan mutum ba a tambaya. Jay Leno, wanda ya gaji Carson a 1992, yana da sashe mai suna Jaywalking, inda yake tare masu wucewa ya yi musu tambayoyin tarihi da labarin ƙasa. Wanda ya amsa daidai ba abin dariya ba ne, saboda haka almakashin mai tace shiri ke cire shi. Waɗanda suka rikice ne ake haɗawa a nuna. Mai kallo ya kwanta yana jin ya fi wani sani, wanda aka nuna kuma gobe zai shiga wurin aikinsa.

Da intanet ta zo, abin ya ƙara sauri. A Janairun 2011 jaridar Columbus Dispatch a jihar Ohayo ta fitar da bidiyon wani mutum mara muhalli, Ted Williams, yana bara a gefen titi da kwali mai cewa Allah ya ba shi baiwar murya. Tsohon ma'aikacin rediyo ne da giya da ƙwaya suka kassara. Cikin kwana biyu zuwa uku ya isa New York, yana shirye-shiryen safe, yana shirin dare na Jimmy Fallon. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers ta yi masa tayin aiki, kamfanin Kraft ya ɗauki muryarsa a talla, har haɗuwarsa da mahaifiyarsa mai shekara 90 a gaban kyamara aka yi ta. Kafin watan ya ƙare ya shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye, bai cika mako biyu ba ya fice. Abin da mutumin yake bukata shi ne natsuwa da magani da lokaci, kuma waɗannan su ne ainihin abin da masu gayyata ba za su iya jira ba, don labarin na wannan makon ne. Daga baya ya koma jinya ya samu sauƙi, a lokacin da kyamarorin suka riga suka tafi wani wuri.

Ken Bone kuwa tambaya ɗaya ya yi kan makamashi a muhawarar Hillary Clinton da Donald Trump a birnin St. Louis, ranar 9 ga Oktoban 2016, sanye da jar suwaita. Ma'aikacin tashar wutar lantarki ne mai aiki da kwal. Washegari da dare yana hira da mai shirin dare Jimmy Kimmel, ƙasa ta ɗauke shi a matsayin mutumin kirki a tsakiyar siyasa mai ɗaci. Mako bai zagayo ba aka tono tsofaffin maganganun da ya rubuta a intanet, waɗanda suka ɗaga shi suka juya masa baya. Ɗan siyasa da tauraro suna da ma'aikata da aka ɗauka don irin wannan rana. Shi ba shi da kowa.

Wani ɗalibi zai iya tashi ya ce: Malam, ai ba dole aka yi musu ba, sun sa hannu a takardar amincewa. Gaskiya ne. Sai dai amincewa tana da ma'ana ne idan mutum ya san abin da ya amince da shi, kuma wanda bai taɓa fita a talabijin ba ba shi da ma'aunin da zai auna abin da ake nufi da miliyoyin idanu. Zai iya kuma kawo mini waɗanda suka ci riba, kuma akwai su. Guillermo Rodriguez, ɗan asalin Meziko, mai gadin wurin ajiye motoci ne a harabar shirin Kimmel, wanda aka fara a 2003. Yau shi ne na hannun daman mai shirin. Rupert Jee, mai shagon abinci na Hello Deli da ke jikin gidan wasan Ed Sullivan, ya fito a shirin Letterman tun 1993 har shirin ya ƙare a 2015, masu yawon buɗe ido suka mayar da shagonsa wurin ziyara, bai kuma bar bayan kantarsa ba sai da ya sa shagon a kasuwa a 2023. Ku duba abin da ya bambanta waɗannan biyu da sauran. Na farko an mayar da shi ma'aikaci mai albashi, wato aron ya koma ciniki. Na biyu yana da shagon kansa, saboda haka duk wanda shahara ta jawo, aljihunsa yake zuba kuɗi. Wanda ba shi da kwantiragi kuma ba shi da kanta, idan an kashe fitila hannu biyu yake komawa gida, sai dai yanzu kowa ya san fuskarsa.

Su kansu shirye-shiryen daren suna ja da baya. A Yulin 2025 CBS ta sanar da cewa za ta rufe The Late Show, shirin da Letterman ya kafa kuma Stephen Colbert ya gada, a watan Mayun 2026. Matasa ba sa jiran ƙarfe sha ɗaya da rabi, guntayen bidiyo suke kallo a waya. Dabarar da Carson da Letterman da Leno suka ƙware a kanta ta koma hannun duk mai waya da makirufo, har da namu samarin da ke tare mai tura baro ko mai tallan goro a bakin kasuwa su yi masa tambaya da Turanci don ya rikice a sa a TikTok. A gidan talabijin, duk da abin da na faɗa, akwai furodusa da zai iya cewa kada a sa wannan, akwai lauya, akwai takardar da mutum zai iya ƙin sa wa hannu. Mai tura baron ba a nuna masa takarda, ba a gaya masa inda za a sa, kuma sau da yawa daga bakin 'ya'yansa ko surukansa yake jin cewa an gan shi.