Kalmomin Tsara Aiki a Kwamfuta da Matsayinsu a Harshen Hausa



Bahaushe ya daɗe da sanin aikin haɗin gwiwa. A gayya akwai mai kira, akwai masu noma, akwai masu tuwo, kowa ya san gurbinsa. Abin da zamani ya kawo shi ne manhajojin kwamfuta masu rubuta wannan rabon aiki, irin su Microsoft Project, wadda ta fito a 1984, da Trello, a 2011. Sai dai da Turanci aka gina su, alhali yawancin masu ɗaukar nauyin taro a ƙasar Hausa da Hausa suke shawara. Don haka wajibi ne a sama wa kalmominsu gurbi a harshen.

Alal misali, a ce wani kwamiti a Garbadu zai shirya taron manoma. Kalma ta farko ita ce ɗawainiya, watau guntun aiki guda mai mutum ɗaya a kansa, kamar hayar rumfa. Ta biyu wa'adi, ranar da dole a gama ta. Ta uku zango, watau matakin da in an kai shi an san an ci wani rabo na tafiyar, kamar samun izinin hakimi. Ta huɗu dogaro: ɗawainiyar da ba ta somuwa sai wata ta ƙare. Ba a buga takardar gayyata kafin a tsai da rana.

Manhaja takan jera waɗannan a jadawalin Gantt, sunan Henry Gantt, injiniya ɗan Amurka, inda kowace ɗawainiya take zama sanda a kwance, tsawonta gwargwadon kwanakinta. Daga nan ne ake gane abin da za a iya kira ƙashin bayan aiki, dabarar da kamfanin DuPont ya soma aiki da ita a 1957. Shi ne jerin ɗawainiyoyi masu dogaro da juna wanda ya fi kowane tsawo. In neman izini kwana 3 ne, bugun gayyata kwana 5, rarraba ta kwana 7, jerin ya zama kwana 15, kuma jinkirin yini guda a cikinsa zai ɗage taron duka. Hayar rumfa kuwa, mai cin kwana 2, tana da sararin kwana 13.

Kalmar da ta fi duka nauyi ita ce masu ruwa da tsaki, watau duk wanda aikin zai shafa, ko da ba ya cikin kwamiti. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san hakan fiye da kowa. An soma gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978. Ruwa ya ci garuruwa a yankin Maradun, aka karɓi gonaki domin a daidaita su a haƙa hanyoyin ruwa, manoma suka rasa damina, diyya kuwa ta yi jinkiri. Da suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. A harshen tsara aiki, biyan diyya ɗawainiya ce da karɓar gona ta dogara a kanta, amma aka bar ta a baya.

Saboda haka, ma'aikacin da aka ɗora wa shirya taro, babba ko ƙarami, ya kamata ya fara da rubuta sunayen waɗanda abin zai shafa, sannan ya buɗe kwamfuta. Ɗaliban Hausa kuma aikinsu ne su gwada waɗannan kalmomi a bakin manomi da ɗan kasuwa, wadda ta karɓu a riƙe ta, wadda ta ƙi a nemi wata.