Jawabi Ga Ƙungiyoyin 'Yan Arewa Mazauna Kudu: Darasin Tukwanen Suleja



'Yan Arewa mazauna Sabon Ibadan da Agege da Fatakwal sun daɗe da sanin ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Abin da ke kashe yawancinsu kuwa shi ne shugabanni su tsara aiki ba da shawarar talakawa ba. Labarin Suleja, watau tsohuwar Abuja, ya isa misali.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin mulkin mallaka ta sa wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin. Nufinsa shi ne a koya wa maza aiki da na'ura irin ta Turai. Amma a fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga randunan wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali, waɗanda ta gina da hannu, ta ƙawata su da zanen kunama da ƙadangare da kifi. A 1954 aka karɓe ta, ta zama mace ta farko a makarantar. Ta koyi na'urar, amma ba ta yar da ginin gado ba. Wasu mata suka biyo sawunta, aka kai aikinta Landan a 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, aka kuma sa hotonta a takardar naira 20. Ashe wadda ba a shirya da ita ba ita ce ta ɗaukaka makarantar.

Sai dai akwai gefe na biyu. Randar da aka shafe da sinadari aka gasa da wuta mai tsanani ta yi nauyi, ta daina tsatsa, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta zama kayan ado ga masu hali, matar ƙauye kuwa ta ci gaba da sayen tata a kasuwa.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke tara kuɗin jama'a domin makarantar dare, ko asusun marayu, ko rijiya, lalle ne ta fara zama da 'yan dako da mahauta da mata masu adashi, ta ba su kujera a kwamiti, ta karanta musu lissafi a fili. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya ba da sa'a, amin.