Ina Yaran Unguwarmu Za Su Yi Wasa?

Ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau maganar wasa za mu yi. Eh, wasa dai da kuka sani. Na san wani zai ce ana fama da tsadar rayuwa, wa yake ta wasa? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, in mun gama sai ku yanke hukunci.

Bari mu fara da lissafin ranar yaro guda a nan Hotoro, ko Tarauni, ko Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙarfe 7 na safe an saka shi a adaidaita sahu, sai boko. Ya dawo wajen ƙarfe 2, ya ci abinci a tsaitsaye, ya canza kaya, sai islamiyya har dab da magariba. Bayan isha'i ga aikin gida da aka ba shi, wani ma da makarantar dare. Asabar da Lahadi kuma tahfiz. Karatu alheri ne, babu mai musu. Tambayata ita ce, a cikin wannan jadawalin, wane lokaci ne na yaron shi kansa, wanda zai yi gudu, ya faɗi, ya tashi, ya yi musu da sa'anninsa su sasanta ba tare da babba ya sa baki ba?

Ko lokacin ya samu ma, ina wurin? Duk wanda ya taso a yankin nan ya san filayen da ake buga ƙwallo da yamma, da yawansu yanzu shaguna ne ko gidajen haya. Makarantun kuɗi da dama a gidan zama aka buɗe su, tsakar gidan ko layin taron safe ba ya ɗauka, balle guje-guje. Titin Maiduguri da titin Zariya kuwa ba wurin da uwa za ta bar ɗanta ya tsallaka ba ne. Ga kuma tsoron masu ƙwacen waya da faɗan daba. Har tashe, da ake farawa in azumi ya kai kwana 10, a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha sanar da dakatar da shi a Kano saboda ɓata-gari da suke fakewa da shi. Don haka ni ban ga laifin iyayen da suka kulle ƙofa ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da muka ba yaron a madadi: waya. A miƙa masa ya yi shiru, kowa ya huta.

To me ake asara? Mu ɗauki wasanninmu ɗaya-ɗaya mu duba.

Langa. Ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu, kana tsalle da ɗayar, kana ture abokin karawa ba tare da ka saki ba. Ƙarfin ƙafa ke nan da iya tsayuwa. Sannan akwai wanda ake kira ruwa, sauran 'yan ƙungiya aikinsu su kare shi har ya kai. Yaro ɗan shekara 9 ya koyi cewa ba kullum shi ne tauraro ba, wani lokacin nasararsa ita ce wani ya wuce lafiya. Kuma kar ku raina langa, tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa.

Carafke. Yarinya ta cilla dutse sama, ta kwashe na ƙasa, ta cafe na saman kafin ya faɗi. Da ɗaya-ɗaya, da bibbiyu, da uku-uku. Ido da hannu suna aiki tare, ƙidaya tana zama a kai tun kafin malamin lissafi ya zo da alli. 'Yar gala-gala ma haka, sai an bi layi, wadda ta taka zane ta fita, ko tana so ko ba ta so.

Dara. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, kana neman jera uku ka cinye na abokin wasa. Wanda ya iya dara ya iya hangen abin da zai faru bayan taku biyu ko uku. Shi ya sa har gobe za ka ga dattawa a gindin bishiya sun duƙufa a kanta.

Gaɗa kuma a dandali, a nan 'yan mata suke koyon sarrafa harshe, da fita gaban jama'a ba tare da rawar murya ba.

Amma babban darasin da ke cikinsu duka, a ganina, shi ne faɗuwa. A wasa ake cinye ka, ka ji haushi, gobe ka dawo. A wasa ake yi maka rinto, ka koyi yin magana da baki maimakon hannu. Yaron da bai taɓa shan kaye a fili ba, ranar da rayuwa ta kayar da shi, a jarrabawa ko a kasuwa ko a neman aure, abin zai zo masa sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masana ma sun tsaya a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana. A 2019 ta ba da shawarar cewa jariri kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta fitar da rahoto a 2018 tana shawartar likitoci su riƙa umartar iyaye da wasa da 'ya'yansu kamar yadda suke rubuta magani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, sashe na 31 ya sa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro. Daga 2024 kuma an ware 11 ga watan Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya.

In wani ya ce wannan zancen Turawa ne, sai mu koma gida. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, bai hana ba. Ya yi tseren gudu da ita. Jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar don kar ya katse wa yaron jin daɗinsa. To mu su wa ne da za mu ɗauka ɗaure fuska shi ne tarbiyya?

Yanzu na dawo kanmu, mu manya. Bahaushe bai taɓa cewa wasa na yara ne kaɗai ba. Wasan jika da kaka fa? Wasan taubasai, da kuɗin shara da ake bi bayan cika-ciki? Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, su haɗu a mota su yi ta tsiya, a sauka ana dariya. Wannan al'ada ta barkwanci tsakanin ƙabilu, a 2014 hukumar UNESCO ta sa ta Jamhuriyar Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam, saboda yadda take kashe wutar rikici. Kakanninmu sun gane cewa mutanen da suke dariya tare da wuya su ɗauki makami a kan juna.

Mu kuma fa? Matashi ya wuni a zaune, ya san 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci, amma rabonsa da taɓa ƙwallo da ƙafarsa an yi shekaru. Wani ma kallon ya rikiɗe ya koma caca a waya, ana cin kuɗinsa yana kiran abin wasa. Alhali babba ma ana so ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, don kare kai daga hawan jini da ciwon suga. 'Yan uwa mata abin ya fi shafarsu, domin da an ce yarinya ta girma, shi ke nan an rufe mata wannan babin.

Ku dubi Ahmed Musa. Daga Kano Pillars ya tafi Turai, ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland 2 a 2018. Da ya tashi zuba jari, a nan Hotoro ya buɗe cibiyar wasanni a 2017. Abin a yaba ne. Sai dai wuri ɗaya ko biyu ba za su ɗauki yaran Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba, kuma ba kowane uba ne yake da kuɗin kai 'ya'yansa irin waɗannan wurare ba. Yaron talaka filin unguwa yake buƙata.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu mai tsada a ciki. Iyaye da yayye, a cire wa yaro awa guda a rana wadda ba karatu ba aike. In tsoron waje ake, a fito da tabarma ƙofar gida a zauna, ido yana kansu. Matasan layi, ku da kuke majalisa da yamma, zamanku a wurin ma tsaro ne, ku bar ƙannenku su buga ƙwallonsu kusa da ku maimakon korarsu. Masu makarantu, kar a cinye lokacin tara da ƙarin darasi. Masu unguwanni da kwamitocin unguwa, duk filin makarantar gwamnati ko fegin da ya rage, a tsaya a kansa kafin a wayi gari an zuba bulo. Kai kuma da kake saurarona, in ka iya langa ko dara, koya wa yaro ɗaya a wannan makon. Wasan da ba a koya wa na baya ba, da masu shi yake tafiya.

Ku faɗa mana a ƙasa: wane wasa kuka fi ƙwarewa a kai kuna yara, kuma filin da kuke yinsa, me aka gina a wurin yanzu? Za mu karanto wasu daga cikin amsoshinku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.