Kazar da ta kuɓuta daga bakin muzuru: a yanka ko a yi jinya?

 Na san wasu sun baro aikin albasa da tafarnuwa, wasu sun bar tukunya bisa wuta, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba. Maganata ta yau a kan kaza guda ɗaya ce: wadda aka tarar da asuba a bayan rumbu, gashinta a warwatse, jini a wuya ko a baya, amma da sauran numfashi.

Wani zai ce, kaza ɗaya har ta isa a tara mutane? Ku da kuke kiwo kun san amsa. Kazar gida takan yi ƙwai kamar sau uku a shekara, kowane zubi 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Da damina ita ake sa wa ƙwan zabbi ta yi kwana 26 zuwa 28 a kai, domin zabuwa ba ta iya reno ba. Idan uwar kaji ta mutu, sai a jira wajen wata 6 kafin sagara ta fara ƙwai, kuma ba kowace sagara ce ke zama uwa ta gari ba. Ga kuma halin da yankinmu ya shiga. Ambaliyar 2010 ta cinye gidaje da rumbuna a garuruwan bakin gulbin Rima. A 2018 mutanen Tabanni da ƙauyukan kewaye suka yi gudun hijira zuwa Gandi, a 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo. Gidaje da yawa da a da suke da shanu da tumaki, yau kaji ne kawai suka rage musu. Daga kajin nan ake sayen sabulu da maganin zazzaɓi da littafin yaro. Kuma malamin dabbobi ba ya isa ƙauye da sauri kamar yadda ake so, saboda haka taimakon farko yana hannunki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a cikin awa ɗaya ta farko ake yanke shawara, kafin a ba ta kowane irin magani. Ko dai yanka, ko jinya. Asarar da ta fi ciwo ita ce a yi ta jan ƙafa, a ɗura mata kafso, ta kwana uku tana wahala, sannan ta mutu, ba kaza ba nama.

To yaya za ki gane? Ki ɗauke ta a hankali, ki lulluɓe ta da tsohon zane har da kai, domin duhu yana kwantar mata da hankali. Inda jini ke zuba ki danna da tsumma mai tsabta, ki riƙe kamar minti biyar ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba. Idan jini ya tsaya, sai ki duba ta duka a wurin haske: wuya, baya, ƙarƙashin fukafukai, ƙirji, ciki, har gindin wutsiya. Ki buɗa gashin da yatsa, domin gashi yana ɓoye rauni.

Idan hanji ya fito, ko ƙafafu biyu sun saki ba ta iya motsa su, ko wuya ya karye kai yana lilo, ko kina jin iska na fita daga rami a ƙirji duk lokacin da ta yi numfashi, wannan ba ta jinyar gida ba ce. Haka kuma idan jakar abincin nan da ke gindin wuya ta fashe, gero na zubowa. Wannan sai ɗinkin malamin dabbobi, idan kuwa ba ya kusa, to wuƙa. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma a nan yankan tausayi ne. Batun ko ya halatta a ci naman dabbar da naman daji ya riga ya illata, malamanku ne masu wannan fage. Ni ta fuskar lafiya nake magana: a yanke wurin cizon a yar, a dafa sauran ya dahu sosai.

Amma kada girman rauni ya tsorata ki. Fatar kaza tana da sirri, tana yagewa da sauƙi, tana kuma warkewa fiye da yadda ake tsammani. Kazar da kare ya saɓule wa fatar baya kamar faɗin tafin hannu, idan tana tsayawa da ƙafarta, idonta a buɗe, sau da yawa takan warke cikin 'yan makonni. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai 'yan ramuka biyu ƙanana kamar na tsinke. Wannan haƙorin muzuru ne ko tunku. Ramin yana da zurfi, bakinsa yana rufewa da wuri, ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki. A cikin yawun kyanwa akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pasteurella, ita ce kuma ke kawo kwalarar kaji. Kaza za ta iya tashi tana tsattsaga kamar ba abin da ya same ta, bayan kwana biyu a wayi gari ta mutu. Saboda haka cizon muzuru ko na kare yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko, ba sai ta kwanta ba.

Akwai wata tambaya da ya kamata ki yi wa kanki kafin ki ci gaba. Jiya lafiyarta lau? Naman daji ya fi kama wadda ta riga ta raunana. Idan dama tana gyangyaɗi, ko tana koren zawo, ko wuyanta na murɗewa, ko wasu kaji sun mutu a unguwa ba tare da rauni ba, to matsalar ta wuce muzuru. Tana iya zama annobar nan ta lokacin hunturu da ake kira Niyukasil, ko kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Irin wannan kaza ba a jinyarta da hannu, ba a cin ta, ba a kai ta kasuwa. A sanar da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Yanzu mu ce kin zaɓi jinya. Ki tafasa ruwa lita ɗaya, wato kwatankwacin ledar fiya wata biyu, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki sa almakashi ki datse gashin da ke kewaye da raunin, kada ki fige, domin figa tana ƙara yaga fata. Sai ki yi ta kwarara ruwan gishirin nan a kan raunin har ƙasa da gashi da busasshen jini su fita. Idan da sirinji marar allura, ya fi kyau wajen wanke ramin haƙori. Wankin nan shi ne rabin maganin, kada a yi masa rowar ruwa. Bayan haka ki tsane jikinta da tsumma, sannan ki shafa aidin, ko maganin nan mai launin shuɗi da ake shafa wa miki. Shuɗin yana da wani amfani kuma, yana ɓoye jan nama, domin kaji ba sa ganin ja su ƙyale. Idan babu ko ɗaya, zuma mai kyau tana aiki, a shafa kaɗan, sai dai a kula da tururuwa.

Abubuwan da ake yawan sawa kuwa, baƙin mai, kananzir, garin batir, toka, barkono, kashin shanu, don Allah a bar su. Wasu suna ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa, wasu dattin da aka wanke ne suke mayarwa, baƙin mai kuma guba ne da ke shiga jikin da ku za ku ci nan gaba.

Wurin kwanciya. Kwali ko kwando ya isa, a shimfiɗa tsumma ko busasshiyar ciyawa, a ajiye a inda babu hayaniya, babu hayaƙi, ba kuma ɗakin da yara ke kwana ba. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, ya fi namu, kuma idan ta firgita ta zubar da jini, jikin yakan yi sanyi da sauri. Da hunturu a naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma a ajiye kusa da ita. Da bazara kuwa, a wannan ƙasa tamu da zafi ke haura digiri 40, inuwa da iska take bukata. Idan kika ga ta buɗe baki ta saki fukafukai, zafi ya yi mata yawa. A kowane lokaci, musamman da damina, a rufe kwandon da guntun tsohon gidan sauro. Ƙuda yana saka ƙwai a miki, kuma cikin yini ɗaya tsutsa za ta iya fitowa. Idan ta riga ta fito, a wanke da ruwan gishiri a tsince su ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma, har su ƙare.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a ranar farko. Ki haɗa mata irin ruwan gishiri da sukarin da ake yi wa yara masu gudawa: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin cokali. Amma kada ki buɗe bakinta ki ɗura. Ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshe, ruwan zai wuce huhu ya shaƙe ta. Ki tsoma bakin bakinta a cikin ruwan ki bar ta ta haɗiye da kanta, ko ki ɗiga a gefen baki kaɗan kaɗan. Idan ta ƙi abinci ranar farko ba abin damuwa ba ne. Daga rana ta biyu a ba ta mai laushi: jiƙaƙƙen gero, dusa da aka dama, gara, yankakken ganyen zogale. Dafaffen ƙwai ma, na san za ku ce asara ce, amma ƙwai ɗaya da aka raba kwana biyu yana taimakon sabon nama ya tsiro.

Batun magani. A nemi na dabbobi, mai lambar NAFDAC, daga hannun wanda ya san aikin, a bi adadin da ya faɗa, a kuma cika kwanakin ko da ta nuna ta warke. Kafson mutane da ake fasawa a ruwan kaji ba a san ma'auninsa ba, kuma maganin ciwon jiki na mutane yana iya kashe kaza. A tambayi mai maganin kwana nawa za a jira bayan an gama kafin a ci ƙwanta ko namanta, yawanci an rubuta a jikin takardar. Shi ya sa na ce a yanke shawara tun farko: kazar da aka soma wa magani jiya ba a yanka ta yau a ba yara. Wanda yake da halin zuwa Sakkwato da dabba mai daraja, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A wanke raunin sau biyu a rana a kwana ukun farko, daga nan sau ɗaya. Bayan kwana biyu za ki iya ganin fatar kewaye ta zama kore. Kada ki firgita, haka kurman rauni yake a jikin kaza, ba ruɓa ba ne. Alamar ruɓa ita ce wari, da kumburi mai zafi, da kaza ta daina ci bayan ta fara. Mugunyar kaza kuma ba ruwa-ruwa take ba kamar ta mutum, dasƙarewa take kamar awara, ba ta fita da kanta sai an jiƙa da ruwan gishiri an cire. Karayar ƙafa ta ƙasa da gwiwa tana ɗoruwa: a daidaita, a sa tsumma, a tsaga kara biyu a ɗaure ba da ƙarfi ba, a bari mako biyu zuwa uku, ana duba yatsun kada su kumbura. Fuffuken da ya karye a naɗe shi yadda yake kwanciya, a ɗaure da jiki ta ƙarƙashin ɗayan, ba tare da matse ƙirji ba.

Sau da yawa uwa ce ke jin rauni, domin ita ke tarar shirwa ko shaho saboda 'ya'yanta. To kada a manta da abin da ta bari. Idan kwanci take, a kwashe ƙwan tun bai huce ba a sa wa wata mai kwanci, da dare, ko da ta maƙwabciya ce, in ya so ku raba 'yan tsakin. Idan kuwa ƙananan 'yan tsaki ne, a kife su da kwando kusa da ita, da kwalbar ruwan ɗumi da dare.

Idan miki ya rufe ya bushe, kada a sake ta kai tsaye. A kife ta da kwando a tsakar gida kwana biyu su saba da juna, sannan a sa ta a akurki da dare. Mai raunin baya a raba ta da zakara har gashi ya fara fitowa, in ba haka ba hawa ɗaya zai sake ɓarke wurin.

Ke ma ki kula da kanki. Ki wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa raunin. Idan wajen ƙwatar kazar kare ko muzuru ya cije ki ko ya karce ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ki je asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare.

Daren da abin ya faru kuma, kafin a kwanta, a bi akurki a duba. Abin da ya ɗanɗana sau ɗaya zai dawo, kuma yakan bar shaida. Ramin da aka tona ta ƙasa, a cike shi da duwatsu da laka. Ƙofar da aka ture, a danne ta da dutse mai nauyi. Masu gidaje kusa da fadama su sassabe ciyawar bayan danga, domin nan tunku da guza ke laɓewa. 'Yan tsaki su yi makonninsu na farko ƙarƙashin kwando ko rumfar kara, inda shirwa ba ta ganinsu daga sama. Sannan idan lokacin rigakafin Niyukasil ya zo kafin hunturu, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi ana ɗigawa a ido, a haɗa da wadda aka yi jinya idan ta murmure.

 Mai tambaya ta ɗaga hannu, mu fara daga iyayenmu da ke gaba.