Ɗan Masunci da Kwamfuta

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibiran Gungawa, aka tashi dubban mutane, kuma har yau kamun kifi da noman shinkafa da albasa ne ke riƙe da gidaje da yawa a Yauri, Ngaski da Shanga. Shi ya sa shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, don koya wa matasa miliyan uku sana'o'in kwamfuta, ya shafi garin Yelwa da ke Yauri. Sai dai darasin intanet kaɗai ba ya isa. Ɗan masunci yana buƙatar ubangida, kamar yadda mai gyaran waya ke zaunar da yaro a shagonsa, ya gyara masa kuskure, ya haɗa shi da masu kawo aiki.

Wani zai ce, ina wutar? Da gaskiyarsa, abin kunya ne ƙauyen bakin tafkin Kainji ya kwana a duhu. Amma sola tana cajin waya da kwamfuta. 'Yan matan da iyaye ba za su bari su tafi Birnin Kebbi ba kuwa, malama ɗaya a unguwa ta ishe su farawa.