Kuɗin Ajiyar Shago: Jawabin Magatakarda a Taron Bikin Ƙungiya

 

An ba ni minti goma in yi magana a kan aikin ofis. Ba zan karanto lissafi ba, ma'aji zai yi wannan. Zan tsaya a kan ƙorafin da ya fi yawan zuwa teburina daga masu shago ko sito a Maraɗi da Yamai da Kwatano, wato kuɗin ajiya, wanda can suke kira kosiyon. Mutum ya biya na wata biyu ko uku ranar shiga, ya tashi fita, mai shago ya ce babu ko dala, wai fenti da gyara sun cinye. Wani ma a ce masa akwai ciko a kansa.

Abu na farko da nake so mu gane shi ne, da zarar ka tsallaka iyaka, doka ta canja. Nijar da Binin da Togo da Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1993 don dokar kasuwancinsu ta zama ɗaya. Nijeriya da Ghana ba sa ciki. Hayar shago da sito a waɗancan ƙasashe tana ƙarƙashin babbar dokar kasuwanci ta OHADA wadda aka sabunta a Lome a 2010. Don haka "ai a Kano ba haka ake yi ba" ba hujja ba ce a Dantokpa.

Sashe na 105 na dokar shi ne wanda yake cin mutanenmu. Ya ce wajibi ne mai shago ya miƙa wurin yana da kyau. Amma ya ƙara da cewa in hayar ta baki ce, ko ka sa hannu ba ka rubuta wani aibu da ka gani ba, to doka ta ɗauka ka karɓi wurin lafiya lau. Ku saurara da kyau. Ka shiga ka tarar da ƙofa tana ciza, bango ya tsage, silin ya yi tabon ruwa, ka ce ba komai, mai gida mutumin kirki ne, dillali ma ɗan garinmu ne. Bayan shekara huɗu wannan tsagewar ta zama taka. Ba ka da bakin cewa haka na same ta. Nauyin baki da muke yi ranar shiga, shi muke biya ranar fita.

Maganin ba shi da tsada. Kafin ka shigar da dila ɗaya, ku zagaya kai da mai shago, a rubuta halin kowane abu: ƙofa, makulli, daɓe, rufi, wayoyin wuta. A rubuta lambar da mitar wuta da ta ruwa suke nunawa, ko ta NIGELEC ce ko ta SBEE. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ɗauki hoto da bidiyo, ka tura wa mai shagon ta WhatsApp a ranar, kwanan wata ya zauna. In sito ne babba, ka ɗauko ma'aikacin shari'a da suke kira wisiye ya rubuta da kansa. Takardarsa tana da nauyi a kotu. Sannan rasit ya faɗi ƙarara cewa wannan kuɗin ajiya ne, kada a cakuɗa shi da kuɗin haya na gaba ko ladan dillali.

To in an riga an yanke fa? Kada ka fara da faɗa a bakin shago. Ka nemi lissafi a rubuce, abu bayan abu, da rasit na kowane gyara. Sai ka raba su gida biyu. Sashe na 106 ya ɗora manyan gyare-gyare a kan mai shago: manyan bango, ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, rufin kansa, katanga, da ramin masai. Sashe na 114 ya ɗora wa ɗan haya gyaran kulawa na yau da kullum da ɓarnar da rashin kulawarsa ya jawo.

Bari in yi misali. A ce hayarka jaka hamsin ce a wata, ka ajiye jaka 150. Mai shago ya kawo lissafi: canjin kwanon rufi jaka 70, fenti 40, makulli 10, bashin wuta 30. Rufi ba naka ba ne, sai dai in kai ka huda shi. Makullin da yaronka ya ɓalle naka ne, ka biya ba gardama. Wuta a duba mita, abin da ka sha kawai. Fenti shi ne wurin ja-in-ja. In takardar haya ta ce ka mayar da shi da sabon fenti kuma ka sa hannu, ka ɗaure kanka. In ba ta ce ba, dusashewar shekara huɗu tsufa ne, ba ɓarna ba, ka tsaya a kan haka. Ko a mafi muni, jaka 70 ta dawo aljihunka.

Akwai kuma inda gaskiya ba ta tare da mu, kuma dole in faɗa ko da ba za ta yi daɗi ba. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, wasu sun kwashe kaya sun dawo gida, suka bar makulli hannun maƙwabci. A wurinsu sun fita. A wurin doka suna nan, haya tana ta hawa. In hayar ba ta da wa'adi, sashe na 125 ya ce a ba da sanarwa aƙalla wata shida kafin fita, ta hannun wisiye ko ta wata hanya da za ta tabbatar saƙon ya isa. Wanda bai yi haka ba, in mai shago ya riƙe ajiyarsa a kan bashin haya, ofis ba shi da abin cewa sai roƙo. Makulli kuma a damƙa shi hannun mai shago, a karɓi takarda mai kwanan wata.

In ka kawo mana ƙorafi, muna fara rubuta wasiƙa da Faransanci, mu ambaci adadi da sashen doka, mu ba da wa'adi. Daga nan sai zaman sulhu tare da shugabannin kasuwa da dattawan zango. Kotu ita ce ƙarshe, Yamai da Kwatano duk suna da kotun kasuwanci, amma a auna kuɗin lauya da na mota da kwanakin da shago zai yi a rufe kafin a shigar da ƙara a kan jaka talatin.

Roƙona ga iyayenmu alhazai masu kama wa yara shago: a sa sunan wanda ya biya a takarda. Ga hajiyoyinmu masu atamfa, ku daina barin dillali ya riƙe muku rasit. Kowa ya kawo kwafin takardar hayarsa ofis mu ajiye a fayil, wanda ba ya jin Faransanci za mu karanta masa kafin ya sa hannu. Ina ofis Litinin da Alhamis daga safe zuwa la'asar.

 Allah ya maimaita mana, ya buɗa kasuwa.